Asalin Kalma: Farfaganda

A teburin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi, ko wata majalisa a Tarauni, cikin Kano, da an tayar da zancen yaƙin Gaza ko na Yukiren, sai ka ji wani ya ce, "Malam, wannan ai farfaganda ce!"

Daga Turanci muka aro kalmar. Da yake bakin Bahaushe kan mayar da "p" ta koma "f", sai ta zauna mana a haka. Su ma Turawan daga Latin suka samo ta, inda tushenta ke nufin yaɗa shuka ta hanyar dasa reshe. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa majalisar yaɗa addinin Kirista da wannan suna. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka ɓata kalmar, musamman bayan Hitila ya buɗe mata ma'aikata sukutum a 1933.

Yau a Kano kalmar ta zama makamin musu. Mai sauraron BBC yana jifan rediyon Tehran da ita, mai sauraron Tehran yana ramawa. Abin da tasharka ta faɗa shi ne "labari" ko "wayar da kai", na tashar abokin musunka kuwa farfaganda. Laifi tudu ne.