Rawanin Galadima da Harshen UML

A 1997 ƙungiyar OMG ta amince da UML, harshen zane da maginan manhajar kwamfuta ke tsara aikinsu da shi, wanda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa. Da yake harshen na kowa ne, sai aka bar masa ƙofa. Mai zane na iya ɗora wa akwati, ko layin da ya haɗa akwatuna biyu, wani laƙabi tsakanin « da », ya ba shi ma'anar da aikinsa ke buƙata ba tare da ya taɓa tushen harshen ba.

Fadar Daura ta daɗe da irin wannan dabara. Sarautar Galadima aro ce daga Barno, inda mai riƙe da ita ke zaune a Nguru yana tsaron iyakar yamma. Daura ta karɓi laƙabin ta ɗora masa nata aikin, har labarin rijiyar Kusugu ya mai da shi kyautar Daurama, tare da sarautar Kaura. Rawani ne ke nuna wa ke ƙarƙashin wa, da kuma garin da ke hannun wane.

Wajen 1805 Fulani suka ci Daura, gidan sarautar Haɓe ya tsaya a Zango da Baure, kowace fada da nata masu rawani, har Turawa suka dawo da Malam Musa a 1906. Laƙabi ɗaya, alaƙa daban-daban: mai karanta takardun wancan ƙarni sai ya fara tantance fadar da ake nufi. Wannan saƙa ce M. G. Smith ya warware a littafinsa kan Daura na 1978.