Me Ya Sa Burodi Yake Faɗuwa Ta Gefen Bota?

Jama'a, duk ɗalibin da ya saba karyawa a teburin mai shayi a Gwagwalada ya san wannan takaicin. An lafta maka Blue Band, gwiwar hannu ta ture yankan burodin, sai ya kife ta gefen botar ya kwashi yashi. Ga tsadar burodi! Wani ya ce ba rabonka ba ne, wani ya ce nauyin bota ne ya ja shi. Rabo dai na Allah ne, amma batun nauyi bai tsaya ba, don botar ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da nauyin burodin.

Turawa ma sun daɗe suna wannan gardama. A 1991 wani shirin talabijin na BBC ya sa mutane suka yi ta cilla burodi sama har sau 300. Sakamako ya fito kusan rabi da rabi, aka ce ashe camfi ne, aka rufe zance.

To, a nan ne nake ganin suka kwafsa, kuma masu rubuta babi na uku su lura. Wa yake cilla abin karin kumallonsa sama kamar kwabo? Burodi zamewa yake yi daga bakin tebur ko faranti. Wani masanin kimiyya a Ingila, Robert Matthews, shi ya kama wannan kuskuren a takardar da ya wallafa a 1995. Ya nuna cewa idan yankan ya zame, sai ya fara juyawa a hankali. Tebur bai wuce santimita 75 ba, faɗuwar ba ta kai rabin sakan ba, don haka rabin juyi kawai yake samu kafin ya taɓa ƙasa. Botar da ta taso tana kallon sama sai ta sauka tana kallon ƙasa. Kafin ya kammala juyi ɗaya, sai teburin ya doshi mita 3. Wa zai sha shayi a kan wannan?

A 1996 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa dariya da farko, daga baya ya sa tunani. Bai tsaya nan ba. A 2001 ya haɗa kai da yaran makarantu a faɗin Birtaniya, suka saki burodi sama da sau 21,000. A babban gwajin da ke cikinsu, kashi 62 cikin ɗari ta gefen bota ya sauka.

Dabarar da lissafin ya bayar kuwa, wallahi sai mai ƙarfin hali: idan ka ga yankan ya fara zamewa kuma ba za ka cafke shi ba, ka make shi da sauri ya bar bakin teburin kafin ya soma juyawa. Ko kuma tun farko ka ce wa mai shayi ya yayyanka maka ƙanana, don ƙaramin yanka ya fi saurin juyi.