Udo Udoma: Alƙalin da Ya Zama Uban Jami'ar Ahmadu Bello

Duk wanda ya bi jerin iyayen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya zai tarar da Sardauna a farko, sai Oba Akenzua na Biyu na Benin, sannan wani suna da ba kasafai ake jinsa a Arewa ba: Sir Egbert Udo Udoma, wanda ya riƙe muƙamin daga 1972 zuwa 1975, kafin Cif Obafemi Awolowo ya gaje shi.

Udoma ɗan ƙabilar Ibibio ne, an haife shi a 1917 a yankin Ikot Abasi da ke Jihar Akwa Ibom ta yanzu. Yana ɗan shekara goma sha biyu sojojin mulkin mallaka suka buɗe wa mata masu zanga-zangar haraji wuta a Opobo, a 1929, mahaifiyarsa Adiaha Edem na cikin waɗanda suka rasu. Ƙungiyar Ibibio ce ta tara kuɗi ta tura shi karatun lauya a Dublin, daga nan ya zarce Oxford. Da ya dawo ya kama aikin lauya da siyasa, yana fafutukar a yanka wa ƙananan ƙabilun Gabas jiharsu daga Kalaba, Ogoja da Ribas. A 1961 aka naɗa shi alƙalin babbar kotu a Legas, bayan shekara biyu kuma Uganda ta ɗauke shi ya zama alƙalin alƙalanta.

A can ne ya yanke hukuncin da har yau ake ja-in-ja a kansa. A 1966 Firayim Minista Milton Obote ya jingine tsarin mulkin 1962, ya kafa sabo, ya tumɓuke shugaban ƙasa, Sarkin Buganda Mutesa na Biyu. Wani hakimin Buganda da aka tsare, Michael Matovu, ya kai ƙara. Kotun Udoma ta ce juyin da ya yi nasara kan kafa doka tasa, don haka sabon tsarin mulkin ya zauna. Masu kare shi na cewa da ya ƙi, kotun ce za a rufe. Wannan uzuri bai gamsar ba, domin hukuncin ya miƙa wa mai bindiga hujja. Ugandawa da kansu sun toshe wannan ƙofa a tsarin mulkinsu na 1995.

Udoma ya shiga Kotun Ƙolin Najeriya a 1969. 'Yan Arewa sun fi tuna shi da Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda ya shugabanta. A gabansa aka yi taƙaddamar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice a Afrilun 1978, sai da Janar Obasanjo ya sa baki. Aka tsaya a kan kotunan Shari'a na jihohi, tsarin da ake bi har yanzu.

Ya yi ritaya a 1982, ya rasu a 1998.