Takur: Ƙauyen Da Birni Ya Tarar

Galibin masu rubuta tarihi a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga manyan birane da sarakunansu, su bar ƙauyuka a baya. A wannan 'yar maƙala za mu dubi Takur ta ƙasar Dutse, don mu ga yadda mulki ya yi ta sauyawa a kanta alhali ita tana nan inda take.

Ƙasar Dutse tana kudu maso gabas da Kano. Sunanta ya samo asali ne daga duwatsun da ke kewaye da Garu, tsohon garin da fadar Sarki take. Daga gindin duwatsun nan sai fili ya shimfiɗe, ƙasar jigawa mai karɓar gero da dawa da gyaɗa, ga kuma dabino wanda aka san Dutse da shi. A wannan fili Takur take. Wato dutse ya zama mafaka da mazaunin sarauta, fili kuwa ya zama rumbun da ke ciyar da shi.

Dangantakar Dutse da Kano daɗaɗɗiya ce. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse. Bayan jihadi sarautar ta koma hannun Fulani, a ƙarƙashin Sarkin Kano. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai Dutse ta zama gunduma a cikin En'e ta Kano. Talakan Takur ya biya haraji ga mai unguwa, mai unguwa ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi kuma ya aika baitulmali a Kano.

Daga nan sauye-sauye suka biyo juna. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ya kuma ɗaga Dutse ta zama masarauta mai cin gashin kanta a 1981, amma Sabo Bakin Zuwo ya rushe wannan tsari a 1983. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedkwata, ta kuma sake samun masarautarta.

To, a nan ne al'amari ya juya. Sabon birni ba zai hau dutse ba, dole ya sauko fili. Ofisoshi da gidajen ma'aikata suka mamaye gonaki, Takur ta zama unguwa a cikin gari. Hukumar da kakanninmu ke bin ta har Kano, yau ga ta a ƙofar gida; gonar da ake noma harajin kuwa ta shige ƙarƙashin siminti.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai: dattawan da suka san iyakokin gonakin nan da jerin masu unguwanninsu suna ƙarewa. In an tafi hutu, a ɗauki alƙalami da takarda a je a zauna da su tun da sauran lokaci.