Daga Yamai zuwa Jidda: nisan tafiya da awannin da jirgin sama ke ɗauka

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 idan aka miƙe sak. A kan tikiti ana rubuta Yamai da NIM, Jidda kuma da JED. Miƙaƙƙen layin yana ratsa Nijar daga yamma zuwa gabas, ya bi ta arewacin Cadi da arewacin Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya.

Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar da ba a yada zango ba takan ci awa 5 zuwa 6. Iska a sama na iya ƙara mintuna ko ta rage. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne. Jirgin da ya bar Yamai da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 da rabi a sama, zai sauka da ƙarfe 5 da rabi na asuba agogon Jidda, alhali a gida ƙarfe 3 da rabi ne. A dawowa kuwa, wanda ya tashi da ƙarfe 10 na safe zai iso Yamai wajen ƙarfe 1 da rabi na rana. Mai shan magani a kan lokaci, kamar mai ciwon suga, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya bar gida.

Jiragen alhazai, waɗanda hukumar COHO ke kula da tsarinsu, sukan tafi kai tsaye. Mai umra kuwa sau da yawa sai ya sauya jirgi. Ta Adis Ababa, nisan ya kai kimanin kilomita 5,400, ga kuma jiran jirgi na biyu, wanda kan sa tafiyar ta ci yini ko kwana.

Wurin sauka ma yana da muhimmanci. Wanda zai wuce Makka daga Jidda, akasarin malamai sun ce ya ɗauki harami tun jirgi bai sauka ba, idan ya zo daidai da miƙati, don haka gara ya sa tufafin tun daga Yamai ko ya riƙe su a jakar hannu. Wanda jirginsa ya nufi Madina, kimanin kilomita 4,100 daga Yamai, sai a Zul-Hulaifa zai ɗauki nasa.

Ga mutanen gabas, a lissafa har da hanyar mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, daga Damagaram kuma kusan 900, tafiyar da ta fi ta jirgin cin lokaci. Ana kuma son matafiyi ya isa filin jirgi aƙalla awa 3 kafin tashi.