Farfesa Philip Shea Da Tarihin Karofi

Duk wanda ya tashi a Funtua ko Malumfashi ya san auduga tun daga gona har gidan gurza, don har unguwa gare mu da ake kira Bisije, wato BCGA, sunan ƙungiyar Turawan Ingila masu sayen auduga da aka kafa a 1902. Amma ka tambayi ɗalibi inda audugar kakanninsa ke zuwa kafin Bature ya kawo sikeli, sai ya yi shiru. Amsar tana cikin binciken wani malamin tarihi Ba'amurke, Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano, ya kuma rasu a 2006.

A 1975 ne Shea ya kammala kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Wisconsin, a kan yadda rini ya zama babbar sana'ar fatauci a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19. Kafin shi, abin da aka fi dogara da shi shi ne rahoton Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851, ya kuma kiyasta cewa tufafin da take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. To, Barth ya ga kasuwa ne. Shea kuwa ya bi ƙauyuka ya zauna da tsofaffin marina yana tambayarsu, ya haɗa da takardun haraji na zamanin En'e. Tambayar da ya sa gaba ita ce: me ya sa Kano ta fi kowa?

Amsar da ya samo, mai karatu, ba a fada take ba, a cikin rami take. Da can a manyan tukwanen ƙasa ake rini, tukunya kuwa tana da iyakar girma, tana kuma fashewa. Sai marina suka koma amfani da laso. Ana kwaso katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a ƙone shi, a kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara, a shafe ramin da shi. In ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Da wannan aka sami rijiyoyi masu zurfi da ke cin baba mai yawa, suna rina ƙyalle mai yawa da kuɗi kaɗan. Ka ga sharar sana'a ita ce ta koma jarinta. An kiyasta daga aikinsa cewa a ƙarshen ƙarnin akwai rijiyoyin rini kimanin 15,000 a masarautar Kano, da marina wajen 50,000.

Ni a ganina nan ne Shea ya yi wa tarihinmu babban aiki, domin ya ɗauki marini a matsayin masani. Kuma masanin ne. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba baba da toka a rijiya, an bar su kwanaki suna ruɓa ana motsawa da muciya, kafin ya narke ya shiga zare. Ƙyallen da aka tsamo kore-kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi ta kuma kafe launin. Abin da malamin kimiyya ke bayyanawa a allo ke nan, marini kuwa da ido da hanci yake gane rijiyarsa ta nuna.

Ya kuma nuna cewa ƙarfin sana'ar ba a birni kaɗai yake ba. Garin Kura ya shahara da turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura, wanda mabuga ke bugawa da garin shuni har ya riƙa ƙyalli, Buzaye kuma ba sa ƙyashin kuɗinsu a kansa. A wata maƙala da ta fito a shekarar rasuwarsa, ya danganta wannan bunƙasa da faɗin Daular Usmaniyya: auduga da baba da ma'aikata suna iya ratsa masarautu ƙarƙashin tuta ɗaya. Ƙasar kudancin Katsina da arewacin Zazzau, inda auduga ke yi, tana cikin wannan zagaye.

Yayin da marinan Kura ke cikin ganiyarsu, wani mai bincike a Jamus, Adolf von Baeyer, yana ta fama ya haɗa shuni a ɗakin gwaji. Ya ci nasara a 1880, kamfanin BASF ya fara sayar da shunin Bature a 1897, shi kuma ya sami lambar Nobel a 1905. Manoman baba na Indiya ne suka fara jin jiki. Namu marinan sun daɗe suna jurewa, har yadin kanti da rinin gwangwani suka ci kasuwar. Audugarmu kuma ta juya ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga baya ta nufi masaƙun Kaduna da Kano da ta nan Funtua.

Karofin Ƙofar Mata a Kano yana nan, amma rijiyoyi kaɗan ne ke aiki cikinsa. A ƙauyukanmu kuwa galibi sunan unguwa ne ya rage, Marina ko Karofi, da ramukan da shara ta cike, bakinsu na laso bai tsage ba har yau.