Randar da Ba Ta Shiga Rabon Gado Ba

Ranar da aka raba gadon kakata a gidanmu na Unguwar Kanawa, malamin da aka gayyato ya lissafa komai: gida, da 'yan kunnen zinariya, da akwatunan zannuwa, da tsohon keken ɗinki. Abu ɗaya ne bai shiga lissafi ba, wato wata ƙatuwar randa da ke girke a gindin dogon-yaro, an binne gindinta cikin yashi. Ƙanin mahaifina ya ce a fitar da ita waje, domin za a malale tsakar gida da siminti. Da na roƙi a bar mini ita sai aka yi dariya, wata gwaggona ta ce, "To ai mijinta ne, a ba shi gadonsa." Haka marigayiyar take kira na tun ina rarrafe, bisa wasan jika da kaka.

Na ɗauke ta ne don kewa kawai. Daga baya, da na shiga tuna abin da kakata ta sha faɗa mini a kanta, na kuma bi diddigin abin da masana tarihi suka rubuta game da garinmu, sai na fahimci cewa a jikin wannan randa ana iya karanta yadda gidajen arewacin Kogin Kaduna suka rayu, da abin da suka yar, da abin da yarwar ta jawo musu.

Garin da aka tsara bisa tsoron sauro

Kaduna yarinya ce idan aka jera ta da Kano ko Katsina ko Zariya. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne a warwatse a wannan fili. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, kuma a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan. Ofisoshin gwamnati da barikin soja da gidajen Turawa duk a arewacin kogi aka kafa su.

Shekaru 20 kafin nan, a 1897, wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wannan sani ya shiga cikin tsarin birane. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauron talaka ya kai ga Bature. Su kuwa unguwannin talakawa, abin da suka fi samu shi ne duba-gari.

Kakata ta zo Kaduna amarya daga Zariya a tsakiyar shekarun 1950, mijinta yana masinja a ofishin gwamnati. Takan ce a lokacin ba a tsoron ɗan sanda kamar yadda ake tsoron duba-gari. Da an hango shi da kakinsa sai mata su rarumi tsintsiya. Idan ya shigo, randa yake fara nufa, ya ɗaga faifai ya leƙa, in ya ga tsutsar sauro ko ɗaya ce, maigida ya shirya biyan tara. Daga nan ya duba salga, ya duba rariya. Ta ce sun ƙi jininsa, amma ba ta musun cewa shi ya sa wanke randa duk bayan kwana biyu ya zama musu jiki.

Randar kuwa, a hannun wata mata Bagwariya ta saye ta, wadda ta ɗauko ta a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ginin tukwane tsohuwar sana'arsu ce. Daga cikinsu aka sami Ladi Kwali, wadda tukwanenta suka zagaya Turai da Amurka, wadda kuma hotonta ke bayan takardar naira 20 a yau. Ke nan ruwan da Bahaushen Kaduna ya sha shekara da shekaru, a hannun Bagwariya ya yi sanyi.

Gidan da ba ya fitar da shara

Abin da ya fi ba ni mamaki, in na tuna ƙuruciyata, shi ne ƙarancin abin da ke fita daga gidanmu da sunan shara. Cefane a kwando ake zuwa da shi, hatsi a buhu, mai a kwalba. Ƙosai a takarda ake naɗe shi, daddawa a ganye. Fura a ƙwarya ake dama ta, a sha da ludayin duma. In ƙwarya ta tsage a kai wa mai ɗinki, in ta fashe sakainar ta zama abin kwashe shara.

Ragowar tuwo ɗumame ne da safe, ƙanzo a jiƙa a ci ko a ba kaji. Dusa da ƙaiƙayi da ɓawon wake na awaki ne. Kashin awakin da tokar murhu a tara su a juji, in bazara ta yi manoman bayan gari su zo su kwashe taki. Tokar ma ba duka ake zubarwa ba: da ita ake goge baƙin tukunya, a yayyafa ta a salga don kashe wari da ƙuda. Wanka da sabulun salo da soso, shafa da man kaɗe, goge haƙori da aswaki. A bayan ɗaki akwai zogale da rama da yakuwa da ɗoɗɗoya, suna shan ruwan wanke-wanken da ke gangarowa.

Ita randa tana da nata ilmin. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Shi ya sa ta fi sanyi a lokacin rani, sa'ad da iska ta bushe, kuma shi ya sa kakata ke jiƙa yashin gindinta. In an wanke ta, takan kifa ta a turara da kajiji. In ruwan rijiya ya zo da laka, a kaɗa alif a ciki ya kwanta.

Ba zan ce waɗannan mata sun yi haka don kishin muhalli ba, kalmar ma ba ta cikin bakinsu. Rashi ne ya koya musu tattali, gwaji na tsawon zamani ya koya musu abin da ke aiki. Kuma ba masu ƙin baƙon abu ba ne. Dogon-yaron da ke ba randar inuwa, wanda ake dafa ganyensa a yi sirace, asalinsa daga yankin Indiya yake, a zamanin Turawa ya shigo ƙasar nan. Sun karɓe shi don sun ga amfaninsa.

Zuwan leda

Sauyi ya zo a hankali, sa'an nan ya zo da gudu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, a ƙetaren kogi, wasu masana'antu suka biyo baya, albashi ya yawaita. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya cika kasuwanni da kayan waje, aka kuma buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Langa da samira suka kori akushi daga jeren amarya, bokitin roba ya kori tulu, risho ya zauna kusa da murhu, firji ya zama alamar an ci gaba. Ba na zargin iyayenmu a kan wannan. Roba ba ta fashewa, ba ta da nauyi, ga araha, kuma macen da ta yini tana surfe da ɗiban ruwa tana da haƙƙin neman sauƙi.

Sai dai an ɗauki sabon kaya an riƙe tsohuwar ɗabi'a. Hannun da ya saba jefar da ganye, ƙasa ta cinye, shi ne ya ci gaba da jefar da leda, ita kuwa ƙasa ba ta cin ta. Juji ya daina zama taki, ya koma bola. A 1985 gwamnatin soja ta sanya tsabtace muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama ranar shara. An yi ta yashe kwatoci da ƙarfin soja, amma ba a taɓa tushen abin ba, wato yawan abin da kowane gida ke sayowa don ya yar. A shekarun 1990, da ruwan famfo ya ƙara wuya, ruwan leda ya mamaye gari. Daga nan kowane ƙishi ya zama yana barin shara a bayansa.

Kogin Kaduna ya yi mummunar ambaliya a 2003, ya sake yi a 2012, ya ci gidajen da aka gina a bakinsa. Mu namu gidan yana nesa da kogi, amma wani daren Agusta ruwa ya shigo mana har ɗaka. Kwatar layinmu ce ta toshe. Da gari ya waye muka fito da shebur, abin da muka yi ta zaƙulowa ledar ruwa ce da baƙar ledar cefane da robar lemo. Babu wanda ya kawo su daga wata unguwa. Namu ne.

Tankaɗe da rairaya

Duk da haka, wanda ya ce a koma jiya ɗungurungum bai yi wa tarihi adalci ba. Kakata ta haifi tara, biyar suka rayu. Ta ƙare rayuwarta da tari mai tsanani, bayan shekara 50 tana hura icce a madafi marar taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. Kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai, binciken masana ya nuna sau da yawa yana ɗauke da dalma, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 sa'ad da ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ita kanta randar, moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, babba da yaro, mai lafiya da mai gudawa. Kasancewar abu daga ƙasa ya fito ba ta wanke shi daga cutarwa.

Saboda haka aikin da ke gabanmu irin na mai tankaɗe ne: a riƙe gari, a zubar da tsaki. Akwai waɗanda suka riga mu. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya taso a gidan magina tukwane, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kayan lambun da kan lalace cikin kwana uku suka riƙa yin makonni. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, alhali ilmin randa ne ya faɗaɗa. A 2011 wata ƙungiya ta nan Kaduna ta gina gida a Sabon Yelwa da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi. A kasuwar Panteka kuwa, tun da daɗewa maƙera ke narka gwangwani da tsohon ƙarfe su fitar da tukwane da murhu da kayan aiki. 'Yan bola-jari da muke rainawa su ne ke kai musu kaya.

Abin da na yi da gadona

Na girke randar a inuwa, a gidan da nake haya a Kawo. Ruwan da zan zuba mata sai an tafasa ya huce. In ya zo da laka, nakan daka ƙwayar zogale busasshiya in kaɗa a ciki, laka ta kwanta, in tace sa'an nan in tafasa, domin zogale yana kwantar da datti ne, ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta. Na yi mata murfi mai kamawa da moɗa mai dogon hannu wadda ake ratayewa, ba a kuma kafa mata baki. Ana wanke randar duk bayan kwana biyu, ba tare da wani duba-gari ya zo ba.

Maiɗakina tana zuwa kasuwar Talata ta Kawo da kwando da jakar buhu. Ɓawon kayan miya da toka muna tara su a rami a bayan ɗaki, in sun ruɓe mu zuba wa zogale da alayyafo da muka shuka a tsofaffin bokitai. Roba da gwangwani muna ware wa masu saye. Girki da gas muke yi, in ya gagara mu yi da gawayi a fili, ba a ɗaki ba. Yara suna kwana a gidan sauro, suna karɓar rigakafi, in zazzaɓi ya kama su asibiti muke zuwa a yi gwaji. Kwalli kuwa na hana a sa wa jaririyarmu, abin da ya jawo mini faɗan gwaggona na mako guda.

Ban daina amfani da leda gaba ɗaya ba, kuma gida ɗaya ba zai buɗe kwatar unguwa ba. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, wannan aikin hukuma ne. Amma buhun sharar da muke fitarwa a kwana biyu, yanzu yakan kai mako bai cika ba, kuɗin ruwan leda kuma ya koma na littattafan yara.

A bazarar bana aka ɗauke wuta kwana huɗu a jere, firjin kowa ya zama akwati. Maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta da jug a sam mata ruwan sanyi, washegari wasu gidaje biyu suka aiko. Ranar Juma'a ƙanin mahaifina ya biyo ziyara cikin tsananin rana. Na ɗebo masa, ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara. Ya daɗe yana kallon randar, sa'an nan ya ce, "Allah ya jiƙan Iya. Wai har yanzu ana samun irinta a kasuwa?" Na ce masa ana samu, Talata mai zuwa zan raka shi.